Sarkin Gajimare na Kericho

Duk wanda ya zauna a Kericho a shekarar 1971 bai san Mista Elijah arap Sigilai ba, to barci ya yi. Ajinmu ɗaya a makarantar mishan, inda ya yi fice wajen goge takalmi. Daga baya ƙungiyar manoman shayi ta tura shi kwas na mako biyu a Nairobi. Ya dawo da kwat, da lema, da littafin hotunan gajimare mai shafi talatin da biyu. Tun ranar muka naɗa shi Sarkin Gajimare, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Aikin nasa mai nauyi ne. Zai zauna a rumfa bisa tudu, in ya ga hadarin ƙanƙara, ya buga waya filin jirgi. Matuƙi ya tashi ya watsa wa hadarin magani, don ƙanƙarar ta narke kafin ta iso ƙasa. Matuƙin ke shiga cikin tsawa, amma Sigilai ke cewa, “Jiya na hau sama sau biyu.”

Bai taɓa faɗuwa ba. In ba a yi ƙanƙara ba, shi ya hana ta. In an yi, shi ya rage ta.

A gindin tudun akwai gonar Obot Chelangat, gwauruwa, wadda ta yi shekara huɗu tana renon shayinta. Ranar Juma'a mai duba gonaki zai zo. In ya ga ganye mai kyau, ya ba ta izinin kai wa masana'anta. In bai gani ba, sai baɗi.

Ranar Laraba, ƙarfe huɗu saura kwata, ta hau tudun tana haki, kwando a baya.

“Ɗana, buga wayar nan! Iska ta yi sanyi daga gandun daji, shanu sun juya mata baya. Gindin hadarin can ya yi kore.”

Sarki ya buɗe littafi, ya duba shafi bayan shafi, ya duba sama.

“Iya, wannan hadarin babu shi a littafi. Kimiyya ba ta shawara da shanu.”

“To kimiyya ta taɓa tsinkar ganye?”

Ana cikin haka ƙarfe huɗu ta buga. Ya koya daga manajojin Turawa cewa mutumin kirki ba ya taɓa aiki a lokacin shan shayi. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya zuba madara kafin ruwan shayi, yadda aka koya masa. Sai da ƙanƙarar farko ta faɗa cikin kofinsa ya miƙa hannu ga waya. Jirgi ya tashi ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar, ya watsa maganinsa tsaf a kan hadarin da ya riga ya juye kayansa. Ihu bayan hari, amma an yi shi bisa ƙa'ida.

Washegari Sarki ya sauko gonar da 'yan kwamitin ƙungiyar manoma uku, ina cikinsu. Babu ganye ko ɗaya, sai tsirarun rassa da koren dagwalo a ƙasa. Ya ɗaga lema ya nuna.

“Jama'a, ku dubi nasara! Ba don ni ba, da ƙanƙarar ta kai ƙwan kaza. Na mai da ita ƙwayar masara. Ko reshe ɗaya bai karye ba!”

Muka duba. Gaskiya ne, rassan suna nan.

Mutanen wancan zamani suna da kunya, baƙo ba ya barin gida da busasshen baki. Obot Chelangat ta ɗauko goran kindirmo, ta zuba wa kowa a ƙoƙo, ta cika nasa har baki. Ta jira ya shanye, ta karɓi ƙoƙonta.

“Na gode, ɗana,” in ji ta. “Amma baɗi, in ka ga hadari ya nufo gonata, don girman Allah kada ka taimake ni.”