Rabon Faɗa a Kan Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga rabon faɗan da babu wanda ya nemi a raba ba, duk da na sha roƙon Allah Ya mantar da ni. Shisshigi halina ne tun ina gida Katsina. Ko zakaru ke faɗa sai na sa baki.

Lokacin ban daɗe da zuwa birnin Greensboro na Amurka ba. Ina kwana a falon Alhaji Isufu, wani dattijo ɗan Maradi mai tuƙa tasi, ba ni da aiki, ba ni da Turanci sai na gaisuwa. Shi ya samo mini gurbi a babban zauren wasanni na garin, wajen ƙungiyar hokin ƙanƙara. (Ga wanda bai sani ba: ƙarti ne ke sa takalma masu wuƙa a ƙasa, suna sulɓi a kan ƙanƙara, suna korar wata 'yar baƙar roba da sanduna. Ni ƙanƙarar da na sani ita ce ta sanyaya zoɓo da azumi.)

Alhaji ya san manajan ƙungiyar ne saboda yakan ɗauko shi daga unguwar Sedgefield zuwa filin jirgi. Patron yake kiran manajan, wato maigida, irin ta mutanen Nijar. A hanya ya ba ni tarihinsa: ɗan wani ƙauye ne a Kanada, ya taɓa buga wa manyan ƙungiyoyi na ɗan lokaci, sannan ya yi ta yawo a ƙananan garuruwa har gwiwarsa ta gaza. Daga nan ya zama mataimakin koci, yanzu kuma shi ke ɗaukar 'yan wasa, shi ke sallamarsu. Akwai sauran bayani a kan irin aikin da yake yi a fili lokacin yana wasa, amma hankalina yana kan albashi, ban saurara ba.

Da na ga mutumin, hanci a karkace, gira duk tabo, sai tausayi ya kama ni. Na ce wa Alhaji ya yi masa sannu da hatsarin mota. Alhaji ya taka mini ƙafa.

"Ka ji ni da kyau," ya ce da muka fito. "Na gaya masa kai mutum ne mai natsuwa. Akwai yaranmu da nake so ya ɗauka bayanka, kuma kai ne gwaji. Ka buɗe ƙofa motar gyaran ƙanƙara ta shiga, ka rufe, ka kwashe abin da ta zubar da shebur. Kada ka ƙara komai."

Na ce, "In sha Allahu, Alhaji."

Wasan farko da na yi aiki ranar Asabar ne, zaure cike. Ina tsaye bakin ƙofata da shebur, ina ƙoƙarin gano inda robar take, sai na ga wani ƙato na ɓangarenmu da wani ƙato na baƙi sun yar da sanduna, sun yar da safar hannu, sun cakumi wuyan juna. Naushi kake ji kamar ana sussukar gero. Na duba alƙalan wasa, sai na ga sun ja baya suna kallo. Na duba jama'a: mata da yara, har wata tsohuwa mai furfura, kowa ya miƙe yana tafi. Na ce a raina, wannan wace irin ƙasa ce, za a kashe ɗan mutane babu mai cewa a bari?

Ban san lokacin da na zare sakatar ƙofar ba. Na shiga da gudu, hannu sama, ina cewa da Hausa tsantsa, "Ku yi wa Allah ku bari! Ku ba ni, ni na yi laifin!"

(Takalmin da ke ƙafata na zuwa masallaci ne, mai santsin ƙasa.)

Taku na biyu ƙafafuna suka riga ni gaba. Na faɗi rigingine, kuma ban tsaya inda na faɗi ba. Na tafi suuu a kan bayana, hula ta yi gabas, shebur ya yi yamma, har sai da na daki ƙafafun masu faɗan, muka zube gaba ɗaya. Zauren ya fashe da dariya. Duk lokacin da na yunƙura zan tashi sai in koma. A ƙarshe su biyun da na je ceto ne suka ɗauke ni, ɗaya a hammatar dama, ɗaya a hagu, jini na ɗiga daga hancinsu, suka ajiye ni bakin ƙofata kamar buhun masara. Ɗayansu har ya koma ya ɗauko mini hula.

Washegari aka kira ni ofis. Alhaji ya zo yin tafinta. Ni kuwa ba korar ce ta fi damuna ba, yaran nan da na toshe wa hanya ne.

Patron ya daɗe yana kallona, sannan ya tambayi abin da nake faɗa a fili. Alhaji ya fassara masa, kansa a ƙasa. Sai mutumin ya sa yatsu biyu a baki, ya zare haƙoransa na gaba, ya ajiye a kan tebur. Ashe na roba ne. Ya ce abin da ya sami fuskarsa ba hatsari ba ne. Faɗan nan shi ne sana'arsa tun yana saurayi: in an taɓa gwanin ƙungiya, shi ake turawa ya rama, kuma ƙaton ɓangarenmu da na kayar jiya shi da kansa ya ɗauko shi don wannan aikin. Ya yi dariya har yana riƙe gwiwa.

"Ya ce a gaya maka," in ji Alhaji, "duk shekarun da ya yi ana dukansa, ko mutum ɗaya bai taɓa shigowa ya cece shi ba. Wai ina kake a lokacin?"

Bai kore ni ba, amma ya raba ni da ƙofar. Ya mayar da ni ɗan kejin gilashin da ake zaunar da masu faɗa su huce, ina miƙa musu tawul da ruwa. Wai a can in yi musu nasihar yadda nake so. Yaran Alhaji kuma ya ɗauke su, bisa sharaɗin a fara nuna musu wasan a talabijin.

Har yau in na shiga masallacinmu, akwai masu ɗaga hannu su ce, "Malam, ku ba ni, ni na yi laifin." Na haƙura. Ban daina raba faɗa ba, sai dai yanzu nakan fara duba ƙasan da zan taka, sannan in tambaya ko biyansu ake yi.