Ranar Da Na Ceto Tsohuwa Mai Gemu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi jarumta a babbar magudanar ruwan Kadawa ba. Lokacin ina sabon malamin gona, ga farar shadda, ga babur ɗin ofis, ji nake tumatirin yankin ma sai da izinina yake nuna.

Na taso daga Bunkure sai na hango wata tsohuwa tsundum cikin ruwa, tana ɗaga hannu tana "Wayyo Allah, jama'a!" Mutane kuwa sun yi cirko-cirko a gaɓa, ba mai motsi. (Na ga wani riƙe da doguwar sanda mai gashi a baki, na ɗauka ta sharar yana ce.) Na yar da babur, na daka musu tsawa, "Ku ba ku da imani ne?" Na afka.

Ashe ruwan iya gwiwa ne. Na faɗa da ciki, na taso da taɓo har hanci. Duk da haka na rungumo tsohuwa ina cewa, "Iya, riƙe ni, kin tsira!" Ina jan ta lulluɓi ya zame. Sai ga gemu.

"Samari," in ji tsohuwa da muryar ƙato, "Allah ya biya ka. Amma sakar mini haƙarƙari."

Audu Gwangwani ne! Mutumin da nake kallon finafinan barkwancinsa tun ina firamare. Ɗan Kura ne da ya ƙi komawa birni, ya ce a gonakin garinsu zai riƙa ɗaukar fim. Shi ke tsara labari, shi ke ba da umarni, shi ke fitowa. Ashe fim suke ɗauka, sandar nan mai gashi kuwa ta ɗaukar murya ce. Dariyar da aka yi ran nan, mai kyamara sai da ya zauna a ƙasa. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na roƙe shi ya goge wurin da na fito, don aure nake nema a Kura, kuma baban yarinyar ba ya son shirme. Audu ya daina dariya. Ya ce, "Ba zan fitar ba sai ka yarda. Amma shekara da shekaru ina faɗawa ruwa, yau ne aka fara shigowa cetona."

Maganar ta taɓa ni, na yarda. Fim ya fito, yara suka raɗa mini "Iya-kin-tsira". Na je gaisuwa wurin baban yarinyar, dattijon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wanda zai shiga ruwa don tsohuwar da bai sani ba, ba zai wulaƙanta 'yata ba. Amma ka je a duba maka ido."

Audu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Matasan da ya koya wa sana'ar suna nan suna fim a gonakinmu, wasunsu da ita suke riƙe da gida, kuma babbar 'yata ta fara rubuta musu labari.

Abin da na koya? In ka ga mutanenmu sun taru, kuma ba mai ba da shawara, to ka fara neman kyamara.