Agogon Hedimasta Martin Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ban saba da shi ba, ni Martin Tanko, hedimasta mai ritaya, mazaunin Samaru, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da tsofaffin ɗalibaina, duk inda tsoro ya kai su, rasuwar agogona na hannu. Ya cika ranar Alhamis, sha huɗu ga Satumba, 2006, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma na safe. Babu gardama a kan lokacin, domin marigayin da kansa ya nuna shi kafin ya tafi. Ya yi shekara talatin da biyar a hannuna na hagu.

Na ɗauko shi a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa a Sabon Gari a 1971, shekarar da na fara koyarwa. Ba ya cin batir, ba a kuma murɗa shi da yatsa. Irin agogon nan ne da motsin hannun mai shi yake rayawa: in hannu ya motsa ya ƙoshi, in an bar shi kwana biyu a ajiye sai ya tsaya. Ni kuwa bahago ne, da hagu nake riƙe bulala. Saboda haka marigayin bai taɓa sanin yunwa ba. Duk yaron da ya makara a makarantata ya ba da gudummawarsa wajen rainon wannan agogo, ko ya sani ko bai sani ba. Ranar Litinin ce ya fi ƙoshi. Idan aka yi dogon hutu kuma, 'ya'yana uku ne suke ɗaukar nauyinsa, kuma ba su taɓa barinsa ya rame ba.

Marigayin mai gaskiya ne. Bai san ɗan talaka ba, bai san ɗan farfesa ba, bai taɓa jin uzurin kowa ya koma da baya ko da minti ɗaya ba. Ba shi da surutu. Maganarsa ɗaya ce tun ranar da na san shi, cak, cak, cak, a hankali, sai ka kai shi kunne za ka ji. Amma na ga ƙato mai gemu ya yi fitsari a wando saboda kawai na juya hannu na dube shi.

Ga kuma ƙarko. A 1983 'yata Ƙauna, tana da shekara goma sha ɗaya, ta shigo aji bayan ƙararrawa da minti huɗu. Ban so a ce hedimasta yana ɗaga wa 'yarsa ƙafa ba, sai na kai mata bayan hannu a gaban kowa. Bakin agogon ya same ta a kunnen dama. Tun daga ranar wannan kunne bai sake jin komai ba. Da na duba gilashin marigayin, ko ƙarzanewa bai yi ba. Yanzu ba a ƙera irinsu.

Uwarsu Scholastica, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa ƙaunarsa ba. Ta sha ce mini, "Malam, wannan abin sai ya binne mu dukanmu." A kanta dai maganarta ta tabbata a 1999. Da shi muka duba lokacin saukar da akwatinta, kuma ba mu makara ba.

Sa'o'insa duk sun daɗe da tafiya. Abokaina sun sayi na batir, masu kiɗa da masu haske, sun zubar, sun sake saya. Da wayar hannu ta zo, sai yaran Samaru suka koma lalubar aljihu kafin su san ko rana ta yi. Emenike, mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari, wanda yake wanke masa ciki duk shekara kafin Ista, ya ce daga cikin ɗaruruwan da ya sani irinsa, shi kaɗai ya rage yana numfashi. Tsufan nan ne ya jawo masa masoya. Babban ɗana Kevin ya shiga kafen intanet ya gano cewa Turawa suna neman tsofaffin agoguna irin wannan ido rufe, su ajiye a akwatin gilashi. Tun daga lokacin, in ya zo gaishe ni, hannuna yake fara gaisarwa kafin fuskata.

Rashin lafiyar marigayin ta fara ne da tawa. A 2002 na faɗi a banɗaki, ɓarin jikina na hagu ya shanye. Hannun da Samaru take tsoro ya koma kamar tsumma, na dama kuma ya kama rawa, da ƙyar yake kai cokali baki. Emenike ya zo duba ni, ya tsaya yana kallon hannun da ke karkarwa, ya ce, "Oga Hedimasta, mu mayar da shi dama mana. Da wannan rawa, wallahi sai ya yi shekara ɗari." Na kore shi. Agogon da ya rayu da kwarjini ba zai ƙare yana cin abinci daga makyarkyata ba.

Likita ya ce dole a riƙa ɗaga mataccen hannun ana lanƙwasa shi sau hamsin da safe, sau hamsin da yamma, in ba haka ba zai sandare ya kumbura. Wannan motsi shi ya ci gaba da raya marigayin. Kevin ya ce Palladan, inda yake zaune, da nisa. Ƙaninsa Brian, wanda ya kai shekara talatin yana zaune a ɗakin baya na gidana yana jiran aikin da ya dace da shi, ya ce shi jikin mara lafiya yana tayar masa da zuciya. Sai Ƙauna. Tana da rumfar yadi a Sabon Gari, da miji, da yara biyu. Kullum ta hau bas ta iso ƙarfe bakwai, ta yi hamsin ɗinta, ta shafe ni da man zafi, ta koma ta buɗe rumfa, ta dawo da yamma da tuwo a kwano. Shekara huɗu ba ta tsallake rana ɗaya ba. Tana zama ta gefen da kunnenta mai ji yake fuskantar bakina, ba ta taɓa tayar da maganar ɗaya kunnen ba, ni ma ban ga dalilin tayarwa ba. Ban gode mata ba, domin ba a gode wa mutum don ya yi abin da ya kamata.

Ranar Talata aka wayi gari da ruwan sama. Ƙauna ta shigo jiƙe sharkaf, ƙarfe bakwai da minti goma sha tara. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, bas ce ta mutu mana a Kwangila, da ƙafa na ƙaraso rabin hanya." Kevin yana zaune, ruwa ya tsare shi tun jiya. Na ce mata, "Ke dai tun kina yarinya haka kike. Na ɗauka kunne ɗaya ya ishe ki darasi." Sannan na ce wa Kevin, tana ji, in na mutu agogon nasa ne, domin ba a bar wa mai makara gadon lokaci. Kevin ya yi dariya. Ni ma na yi, da rabin bakin da ya rage mini.

Ƙauna ta matso kusa da ni. Ta ɗauki hannun, ta ɗaga, ta lanƙwasa, tana ƙirgawa a fili yadda ba ta saba ba. Da ta gama ta ɗora shi a kan matashi a hankali, ta gyara mini bargo, ta ce, "Baba, hamsin sun cika." Ta ɗauki lemarta ta fita. Da yamma ba ta zo ba. Laraba ma haka.

Magajin ya gwada. Ranar Laraba da rana Kevin ya girgiza hannun sau goma sha biyu kamar mai kaɗa kwalbar magani, ya juya shi yana neman lambar da ke bayan agogon, wayarsa ta yi ƙara, ya tafi. Safiyar Alhamis na sunkuya na kai kunne. Cak. Shiru. Cak. Na kira Brian, yana wanka. Ina kallon dogon hannun marigayin ya yi yunƙuri sau biyu a wuri ɗaya, ya haƙura. Na yi kuka, na faɗa ba kunya, abin da ban yi ba a jana'izar matata.

Ya rasu ya bar ni, da hannu ɗaya matacce da ɗaya mai rawa. Ya bar Kevin, wanda ya riga ya tambayi Emenike ko tsayayyen agogo yana rage daraja. Ya bar Brian, wanda sai ranar Asabar ya lura. Ya bar ɗalibai fiye da dubu uku, waɗanda nake roƙo kada su yi murna a fili. Emenike ya ce wai suma ce kawai, a girgiza shi zai tashi. Emenike bai san abin da ya mutu ba.

Ga tsarin jana'iza. Gawar tana nan a hannuna, yau kwana tara. Hannun ya kumbura, sarƙar ta nutse cikin nama, yatsuna na dama ba sa iya ɓalle ta. Ban yarda Kevin ko Brian su taɓa ba, domin gawar da ta shiga hannunsu a kasuwa za a binne ta. Mutum ɗaya na amince ta cire shi, ta wanke shi, ta wanke inda ya kwanta. Za a binne shi a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar gwaiba. Ba a bukatar fasto, ba a bukatar mawaƙa, ba za a ba kowa shinkafa ba.

Duk wanda ya karanta wannan sanarwa, in hanya ta bi da shi layin 'yan yadi a kasuwar Sabon Gari, rumfa ta shida daga bakin ƙofa, ya tsaya ta hagun Ƙauna ya faɗa mata da ƙarfi. Ba haƙuri nake ba ta ba, sanarwa ce. Za a yi jana'izar ƙarfe bakwai na safe, duk ranar da ta zo. Idan ta makara, ba ni da yadda zan sani.

Mai sanarwa,
Martin Tanko, Hedimasta mai ritaya,
Samaru, Zariya.