Alade a Manhajar Hajiya Indo

Wani mutum ne a wajen aikinmu, sunansa Mudansir, amma in ka kira shi haka ba zai waiwayo ba sai ka ce Injiniya. Mu biyar ne a ɗan ofis a Kano muna haɗa manhajojin waya, shi kaɗai yake cika ɗakin da baki. In ka ce ka gyara wata matsala jiya, shi tun yana sakandare ya gyara irinta. Ni tebur ɗaya ke tsakanina da shi, saboda haka na sha cika-bakin nan har ya ginshe ni.

Duk mai wannan sana'a ya san ba a gina manhaja daga ƙasa. Akwai kayan da wasu suka riga suka rubuta, muna ce musu fakej. Ka ɗauko na taswira, ka ɗauko na biyan kuɗi, ka daidaita su su zauna lafiya da juna. Ba abin kunya ba ne. To Injiniya sai ya mai da shi gori.

"Ku dai maroƙa ne," in ji shi. "Ni ko layi ɗaya ba na ara. Komai daga nan yake fitowa." Sai ya ƙwanƙwasa goshinsa, ƙwas ƙwas.

Ana nan sai Hajiya Indo ta zo. Gidan abincinta sananne ne, farfesunta ake layi a kai. Tana son manhajar da za a riƙa yin odar abinci, ta yi aiki a Android, ta yi a iPhone. Ta ce in ta ji daɗin aikin, wanda ya yi shi ne zai riƙe aikin duk rassanta. Kafin ogan ofishinmu ya buɗe baki, Injiniya ya yi wuf ya cafe.

"Hajiya, ki ɗauka an gama. Ni kaɗai na ishe shi."

Me kuke tsammani ya yi? Ya leƙa intanet, ya sauko da manhajar wani gidan abinci na ƙasar waje da aka bayar kyauta, ɗungurungum. Ni na gani da idona, don ya manta bai karkatar da kwamfutarsa ba. Da ya tashi kunna ta, fakej ɗin ciki suka kaure da faɗa. Wannan ya ce ba zai zauna da wancan ba, wancan ya ce wannan ya tsufa. Allo ya yi ja wur. Injiniya na gumi yana goge wuya, yana ɗaga wannan yana sauke wancan, ba karatu ba tambaya. Da ƙyar da siɗin goshi abin ya tashi a wayarsa.

Sai ya koma kan hotuna. Ya cire na masu manhajar, ya zuba tuwo da miyar kuka, ya sa waina, ya sa tambarin Hajiya mai tukunya da ludayi. A Android ɗinsa abin ya fito tsaf, sai ka ji yunwa.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Injiniya, ka san hoton da ke fara fitowa in an buɗe manhaja, Android da iPhone kowanne da tasa ma'ajiyar ko? Ka leƙa ta iPhone?"

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai Nafi'u, abin da aka rubuta guda ɗaya ne. Abin da ya yi a nan, shi zai yi a can. Ni za ka koya wa?"

Na koma kan aikina. Ya haɗa ta iPhone, ya tura wa Hajiya ta sauke, ko buɗewa bai yi ba.

Ranar ƙaddamarwa gidan abincin ya cika maƙil. Dangi, 'yan kasuwa, ƙawayen Hajiya sun sha gwala-gwalai. A gaba ga Malam Sidi, limamin unguwar, an gayyato shi ya sa albarka. An kafa ƙatuwar talabijin a bango. Injiniya ya ci babbar riga, ya karɓi lasifika kamar mai neman ƙuri'a.

"Jama'a, abin da za ku gani, babu hannun kowa a ciki sai nawa. Kowane layi ni na rubuta. Kowane hoto ni na zaɓa, ni na ɗora."

Malam Sidi ya ce, "Madalla da yaro."

Injiniya ya ciro wayarsa zai haɗa da talabijin. Hajiya ta ɗaga hannu.

"A'a, ɗan nan. Manhajata ce, da wayata za a buɗe. Ni ko taɓa ta ban yi ba, na ce sai Malam ya yi addu'a."

Ta miƙo iPhone ɗinta. Ni dai na tuna bai taɓa buɗe ta iPhone ba. Shi ko a jikinsa. Ya haɗa, Malam ya yi addu'a, aka shafa. Hajiya ta yi bisimilla ta dangwala yatsa.

Ɓaro-ɓaro, ya cika allon nan daga sama har ƙasa. Ƙaton alade, ruwan hoda, sanye da hular kuku. Hanci kamar soket ɗin bango. Yana murmushi, ya riƙe cokali mai yatsu, har da kashe ido ɗaya. A ƙarƙashinsa an rubuta: Barka da zuwa Gidan Abincin Hajiya Indo.

Wata mata da ta kai lomar farfesu bakinta ta tsaya, ta mai da cokalin kwano a hankali. Malam Sidi ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"A'uzu billahi," ya ce.

Injiniya ya shiga danne-danne. Ashe fakej ɗin da ya tursasa sun ƙi jituwa a iPhone, manhajar ta ƙame a shafin farko. Ba gaba, ba baya. Alade na nan daram yana kallon jama'a. Wallahi har tausayi ya ba ni, amma dariya ta fi ƙarfina, sai da na cusa hula a baki.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi.

"Ɗan nan, ka ce kowane hoto kai ka zaɓa."

"E to, Hajiya..."

"Wannan ma kai ka zaɓa mini?"

To ga tsaka mai wuya. In ya ce e, ya kashe wa baiwar Allah kasuwa da hannunsa. In ya ce a'a, ya tona cewa kayan aro ne. Ya dubi allo, ya dubi Malam, ya dube ni. Na kau da kai. Sai ya yi gyaran murya.

"Hajiya, ai rago ne. Irin na Turai. Aski aka yi masa."

Hajiya ta zare wayarta daga hannunsa, ta miƙo mini ba tare da ta daina kallonsa ba.

"Nafi'u, daga yau aikin naka ne. Shi kuma Injiniya a bar masa ragonsa. Allah Ya kai mu Babbar Sallah, mu zo mu ga layya."