Ragon Sallah na Alhaji Kyari a Kan Takardar Lissafi

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta, to ku gyara zama, ga ta tafe.

A wani gari can gabas akwai wata makarantar sakandare ta kuɗi, mai ita wani Babarbare ne ana kiransa Alhaji Kyari. Mutum ne mai son a ce makarantarsa ta zamani ce. Har ɗakin kwamfuta ya gina, ya sa aka lulluɓe kwamfutocin da zane, sai in baƙi sun zo a yaye a nuna musu a mayar.

Da Babbar Sallah ta doso, sai malamin lissafi, Malam Sabitu, ya zo masa da shawara. Ya ce ’yan babban aji su yi zanen barka da Sallah, amma ba da hannu kawai ba, da lissafi. Za a ba kowa takarda mai ƙananan gidaje. Duk layin da ɗalibi zai ja, sai ya rubuta lissafin da ya haife shi: a sa lamba, lissafi ya nuna inda ɗigo zai zauna, a haɗa ɗigo da ɗigo har sura ta fito. Miƙaƙƙen layi da nasa lissafin, da’ira da nata, lanƙwasa da nata.

Alhaji bai fahimci ko rabin bayanin ba, amma ya ji ƙanshin talla. Nan da nan ya je kasuwa tun raguna ba su yi tsada ba, ya sayo wani ɗan madaidaici, ya sa aka ɗaure shi a gindin mangwaro daidai bakin ƙofa yadda duk mai wucewa zai gani. Ya tara ɗalibai ya ce wannan ragon za a auna a zana, kuma wanda ya fi kowa shi zai ja shi zuwa gida.

Abu ɗaya aka manta, wato cikin ragon. Alhaji ya ce ciyarwa aikin kwamitin gasa ne. Kwamiti ya ce yana jiran a fitar da dusa daga ofishin Alhaji. Rago dai ya cinye ganyen mangwaron da wuyansa ya kai, ya koma kan kwalin alli, daga nan ya fara kallon hulunan ɗalibai da wata manufa.

A cikin ajin akwai wata ’yar Fulani mai suna Daso, wadda ke zaune wurin kakarta, Inna Jebbu. Bana babu rago a gidansu. Amma tun ranar da tsohuwar ta ji labarin gasar, kuma ta san jikarta ce ke zuwa ta ɗaya a lissafi, sai ta bi maƙwabta gida-gida tana shaida musu cewa suyar bana a tsakar gidanta za a yi. Har kaskon suya ta aro ta jingine a bayan ɗaki. Saboda haka Daso ba ta da hanyar komawa gida hannu rabbana.

Sauran ɗalibai sun san Alhaji ne alƙali, don haka ba su wahalar da kansu da awo ba. Kowa ya buga ƙatuwar da’ira a tsakiyar takarda ya ce ciki ne, ya sa wata a baya ya ce mazaunai ne. Ita kuwa Daso ta ɗauki maganar Malam Sabitu da gaske. Ta aro tef ɗin tela, kullum sai ta je ta auna rago, kullum kuma sai ta dawo ta goge lambobin jiya ta sa ƙanana.

Ranar yanke hukunci iyaye suka cika harabar makaranta, Inna Jebbu tana sahun gaba da igiyarta a hannu. Aka jera zane-zane a kan tebur gaban Alhaji. Yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, ga raguna kamar bijimai, wani ma ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba saboda ƙiba. Da ya zo kan na Daso sai murmushin ya tsaya. Ƙaho ya murɗe tsaf, kunne ya zauna daidai, amma daga wuya zuwa wutsiya miƙaƙƙun layuka ne zalla, haƙarƙari a jere kamar ƙarfen taga.

Ya juya wajen malamin ya ce, “Malam, wannan kuma fa? Rago ne ko gadon kara?”

Malam Sabitu ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ranka ya daɗe, na bi lissafin nan layi-layi, babu kuskure. Ita kaɗai ce ta auna.”

Iyaye suka dubi takardar, suka waiwaya suka dubi ragon da ke gindin mangwaro, suka sake duban takardar. Wani dattijo ya ce ai ko uwar ragon ta ga zanen nan za ta gane ɗanta. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya ga abin zai zama magana a gari, sai ya mayar da shi wasan Barebari da Fulani. Ya ce a kira mai zanen. Daso ta fito ta durƙusa.

Ya ce, “’Yar Fillo, ashe haka kuke? An raba ku da daji an kawo ku makaranta, amma ko a takarda ba ku iya ƙosar da dabba ba. Duk lanƙwasar da Malam ya koya muku ina kika kai ta?”

Ta ce, “Na sa a ƙaho, Baba Alhaji. Nan ne kaɗai na same ta a jikinsa.”

Dariya ta ƙaru. Inna Jebbu ta gyara riƙon igiyarta.

Alhaji ya ce, “To ji nan. Tunda Malam ya ce lissafinki ya fi na kowa, ba zan hana ki ba. Amma ba za a manna wannan a bangon makarantata ba. Ki yi masa ciki yanzu a gaban jama’a, ciki na kirki irin na ragon da ake kula da shi, ki ja ragonki ki tafi. In ba haka ba, tsohuwa ta koma da igiyarta.”

Daso ta ce, “Malam ya ce kada mu zana abin da ba mu auna ba.”

“Sai ki nemi cikin da za ki auna,” in ji Alhaji. Ya yunƙura ya miƙe don ya miƙa mata takardar, tumbinsa ya ture tebur gaba har ragunan takarda suka zube ƙasa.

Daso ta karɓa da hannu biyu, ta zaro tef ɗin tela, ta ɗaga kai ta dube shi cikin ladabi, ta ce, “Alhamdu lillahi. Tun da aka kawo ragon nan nake neman inda cikinsa ya tafi. Baba Alhaji, ɗan tsaya haka, kada ka zauna.”

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.