Haƙori Biyu da Masarar Bana

"Lafiya lau, lafiya lau. Uwargida sarkin yaji, sai yau kika tuna kin bar miji a Durba?"

Malam Hammadu ke nan, zaune a gindin rumbu, masarar bana shanye a gabansa. Wadda yake wa tsiyar jikarsa ce Mu'minat, mai karatun kimiyya a Kano. Duk Durba an san tsohon nan da abu ɗaya: ya jefa ƙwayar hatsi a baki ya ciza, in ta ce ƙas, ta bushe, a zuba rumbu. Sai dai haƙori biyu suka rage masa, su ma ba sa gaisawa. Bara ya ce ta bushe, masara ta yi fumfuna, gidan ya wahala har kaka. Ba wanda ya iya faɗa masa. Abin dai gwanin ban tausayi.

"Wane miji?" in ji Mu'minat. "Ni da nake da samari masu cikakken baki?"

"Akuya ma bakinta cike yake. Ina tsarabata? Tsire?"

"Ka ci da me? Ungo." Ta miƙa masa wani ɗan abu kamar layin waya.

"Laya kika yo min don in ƙara son ki?"

"Ma'aunin danshi ne, mu muka haɗa a makaranta. An shimfiɗa masa wani abu, girafin, dangin baƙin nan na tsakiyar fensir. Don siranta, fatar albasa ma katifa ce a kansa. Danshi kaɗan ya taɓa shi, wayata za ta faɗa."

Ya juya shi gaba da baya. "Ina abin? Ban gan shi ba."

"Ba a ganin sa da ido."

"Af! Shekara huɗu a Kano kin dawo da abin da ba a gani. Ni ma ina da shanu ɗari a Fassi, ba a ganin su."

"Tare suke kiwo da haƙoranka."

"Kul! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Shi ya sa ban hau ba, na zo da na'ura."

"To, ba girin-girin ba, ta yi mai." Ya jefa ƙwaya a baki, ya mamula. "Ta bushe. Yau za ta shiga rumbu."

Mu'minat ta ciko ƙwarya da masara, ta tura abin ciki, ta rufe da faifai. Jim kaɗan ta duba waya. "Da saura, Kaka. Tana son rana kwana biyu."

"Ƙarya fensir yake!"

"Ni kam ba zan zo cin tuwon fumfuna ba."

Tsoho ya zaɓo ƙwaya guda ya miƙa mata. "Ciza da haƙoran ciki. Da ƙarfi."

Ta ciza.

"Ta ce ƙas?"

"Ba ta ce ba, Kaka. Lotsewa ta yi."

Ya daɗe yana kallon rumbun. "Rabon da in ji ƙas ɗin nan shekara uku ke nan. Faɗa kawai nake yi."

Mu'minat ta sunkuyar da kai. Sai ga shi ya fashe da dariya, haƙoran nan biyu a waje.

"Shiga ɗaki, akwai ƙwan zabi goma, naki ne. Layar kuma bar min ita. Duk wanda ya tambaya, ki ce sabon haƙori matata ta sa min."