Tsaye Kan Ruwa Ba Takalmi, Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na koyi gudu a kan ruwa da tafin ƙafata, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

Shekarun nan ne da jam'iyyu suka tsiro a ƙasarmu kamar ciyawar ruwan fari. Kowa da tutarsa, kowa da waƙarsa, amma albashi shiru. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Maraɗi, yara na ce mini Mushe, malam ke nan da Faransancinsu, ina hayar ɗaki ɗaya a Sabon Gari. Yau muna yajin aiki, gobe mun koma, jibi a ce mana asusun gwamnati wayam yake. Da tukunyarmu ta fara kwana ba a ɗora ta ba, sai na kwashi matata Rabi da tsohon cikinta da 'yar ɗiyarmu, na kai su gidan mahaifinta a Tsibiri, wai sun je ganin gida. Ciki na biyu ne, balle in fake da cewa haihuwar fari ta je yi. Surukina manomin gero ne, mutum mai shiru, kuma shi ma rumbunsa ya kusa ƙarewa, ga sabon gero bai nuna ba. Ya karɓe su ya ba su ɗaki, kuma karɓar nan ta fi mini zagi ciwo. Daga ranar buri ɗaya ya rage mini a duniya: in sami aikin da zai sa in je in ɗauko matata kafin ta haihu.

Da la'asar mukan zauna fada a ƙofar wani shago, mu marasa abin yi, muna tafasa ganyen shayi ɗaya har ya yi fari. Nan ne wata rana bakina ya kashe ni. Na ba su labarin abin da na gani a kogin Isa lokacin da nake karatu a Yamai: wani Bature riƙe da igiya a bayan jirgin ruwa mai inji, yana gudu tsaye a kan ruwa, ba katako a ƙafarsa, ba takalmi. Aka kwashe da dariya. Ilu, abokina tun muna yara, ya ce, "Mushe, yunwa ta hwara taɓa maka kai." Raina ya ɓaci, sai na ji kaina ina cewa, "Ai ni ma na yi, ba sau ɗaya ba." (Gaskiyar magana a bakin gaɓa nake zaune ranar, ina ɓarar gyaɗa.)

Na manta Ilu direba ne a gidan wani babban ɗan kasuwa, bari mu ce masa Alhaji kawai, wanda motocinsa ke ɗauko kaya daga Kwatano. Alhaji na neman kujerar majalisa, kuma yana shirin babban taron jam'iyya a bakin tafkin Madarunfa. Abokan hamayyarsa sun riga sun kawo 'yan kokawa a nasu taron, shi kuwa yana son abin da ido bai taɓa gani ba. Ga shi yana da sabon injin jirgi a ajiye. Kafin mako ya zagayo sai ga ni durƙushe a zaurensa.

"Kai ne mai tahiya bisa ruwa?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"To, ka yi mani shi gaban jama'a. In ka yi, ina biɗar mai ilimi da za ya riƙe mani magaza. Makullin naka ne."

Magaza, wato ɗakin ajiyar kayansa, inda buhunan shinkafa ke taɓa rufi. Ya kamata a ce nan take na faɗi gaskiya. Amma da na tuna fuskar Rabi ranar da na baro ta a Tsibiri, sai na ce, "An gama, ranka shi daɗe." A hanya na shaida wa Ilu ban taɓa yi ba. Ya tsayar da mota, ya dube ni kamar zai mare ni, don shi ne ya kai maganata. Can ya ce, "To sai ka koya, in ba haka ba mu biyu za a kora, kai tun ba a ɗauke ka ba."

Kusa da Jiratawa akwai wani dogon ruwa da gulbi ya bari da ya yi ambaliya, hanyar gonaki na bin gefensa. Nan muka mayar makaranta. Ilu ya ɗaura igiya a bayan bashe, ƙaramar motar ɗaukar kaya ta gidan Alhaji, ya ɗaura guntun ƙotar fartanya a ɗaya bakin don in riƙe. Ni kuma in zauna a kan tsohon ƙyauren katako cikin ruwa, ya ja ni, in gudu ya kankama in sauke ƙafafu in miƙe. A baki abin ba wuya.

Ashe ruwa in ka same shi da gudu ba shi da laushi ko kaɗan. Karon farko na sa 'yan yatsu gaba, ruwan ya cafke su ya buga fuskata kamar an jefo ni daga kan soro. Na gane diddige ake fara sawa, yatsu na kallon sama. Na gyara wannan, sai na riƙa janyo igiyar zuwa ƙirjina don tsoro, in faɗi ta baya. Na gane hannu a miƙe ake barin sa. Sannan gwiwa: in ka miƙe tsam kamar soja ka tafi, sai ka lanƙwasa kamar mai shirin zama a kan turmi. Sannan ido: duk sanda na kalli ƙafata, can nake zuwa. Kowane darasi da jikina na biya shi. Tafin ƙafata ya yi ja kamar an yi mini bulala, haƙarƙarina ya hana ni dariya (ba asara ba ce, lokacin ba abin dariya da yawa), ruwa kuwa ya shiga ta hanci da baki da wuraren da ba zan ambata ba. Duk wannan a kan cikin da ba komai a cikinsa sai dafaffen rogo.

Masu aiki a gonakin Jiratawa sukan jingina da fartanya su kalle mu. Na ji wata tsohuwa mai kai fura gona tana tambaya, "Wanga bawan Allah, mi ya yi anka ɗaure shi ga mota?"

Babban darasin shi ne gudu. Ruwa ba ya ɗaukar mutum don tausayi, gudu ne ke sa shi ɗauka. Da Ilu ya sassauta ƙafa kaɗan sai in nutse. Ranar da muka dace, ya taka motar sosai, na sa diddige, ƙyauren ya zame daga ƙarƙashina, na ji ni tsaye. Ruwa na feshi dama da hagu, iska na kaɗa ni, ni Mushe da mai shago ya daina amsa wa sallama. Wallahi na yi kuka don daɗi, ba wanda ya gane saboda fuskata jiƙe take. Ana gobe taron muka gwada a tafkin da jirgin gaske, daga Ilu sai mai tuƙi a ciki, jirgin ya tashi kamar zai bar ruwa, na zagaya ban faɗi ba. Da yamma na aika wa Rabi cewa ta fara ɗaure kayanta.

Ranar taro manyan motoci suka yi ta juye mutane daga ƙauyuka. Kiɗa, guɗa, tutoci, rana tsaka. Aka ba ni 'yar riga iya cibiya da wani buhun wando mai launin jam'iyya, an ɗinka shi cikin gaggawa da siririyar zariya. Na shiga ruwa na zauna a kan ƙyaurena, na riƙe ƙotar, na ɗaga kai.

Alhaji ya shiga jirgin. Na ce ba laifi, nasa ne. Shugaban jam'iyya na yanki ya bi shi, mutum ne mai jiki. Sai ma'aji. Sai shugabar mata da 'yar rakiyarta. Sai maroƙi da lasifikarsa, sai mai kalangu, sai wani da har yau ban san ko wane ne ba, amma ya riƙe wa Alhaji laima. Bakin jirgin ya sauka har ya kusa shan ruwa. Na ɗaga murya na ce, "Ranka shi daɗe, jirgin ya yi nauyi, ba za ya yi gudu ba!"

Alhaji ya waigo, yana murmushi saboda jama'a, ya ce, "Wa za ni ce ma shi sauka, Mushe? Kowane ka gani nan, unguwa guda ce ta ƙuri'a. Kai dai yi naka."

Injin ya yi gurnani, jirgin ya motsa kamar amalanken da aka yi wa lodin yashi. Na jira gudu, gudu bai zo ba. Maroƙi na ta ihu, "Ga shi nan za ya tashi! Mai tahiya bisa ruwa!" Da na ga mun zo daidai tsakiyar jama'a, sai na yi bisimilla na sa diddige. Ƙyauren ya tafi abinsa, ni kuma na lume har wuya, igiyar ta fizge ni rub da ciki.

Mai hankali sakin igiyar zai yi. Ni ban saka ba. A raina makullin magaza da Rabi da abin da ke cikinta duk suna ɗaya bakin igiyar nan. Na ƙanƙame ƙotar ina fatan ko gudun zai ƙaru. Haka aka yi ta ja na, in nutse in ɓullo, kunnena na hagu ya bugi ruwa na ji wani abu ya yi ɗas a ciki. Mutanen jirgin ba wanda ya waiwayo, hannu suke ɗaga wa jama'a. Wandon ya cika da ruwa ya yi nauyi, zariyar ta yi iya yinta, sannan ta tsinke. Na ji shi yana sulalewa ta ƙafafuna, amma hannu biyu gare ni, duka kuma suna kan igiya.

Mai tuƙi ya karkato bakin gaɓa don a ga manya da kyau, ya ja ni cikin laka. Hannuna suka mutu, igiyar ta kuɓuce. Numfashi kawai nake nema, ban san inda nake ba, sai na miƙe tsaye. Ruwan iya gwiwa ne.

Kiɗa ya tsaya. Mata suka ɗauki salati suna juya baya, maza kuwa suka ɓarke da dariyar da har yau nakan ji ta da kunnen da ya rage. Na durƙushe cikin lakar ina roƙon Allah ya tsaga tafkin ya haɗiye ni. Can na ga wani dattijo ya ratso jama'a, ya shigo ruwan ko takalmi bai cire ba. Surukina ne. Motar jam'iyya ta kwaso su daga Tsibiri, an ce musu za a raba shinkafa. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa in gaishe shi. Ya cire babbar rigarsa, ita ce ta zuwa Juma'a, ya kau da kai gefe ya miƙo mini.

"Sa, Malam. Mu hita."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya shige gaba da 'yar shararsa, ina biye cikin rigarsa tana ɗigar laka, mutane na buɗe mana hanya.

Washegari mai gadin gidan ya ce mini Alhaji ya yi tafiya, alhali ina jin muryarsa a ciki. Ilu ya tsira da aikinsa da ƙyar, ya daina zuwa fada. Kunnena ya yi ta zubar da ruwa, na je likita na tarar su ma suna yajin aiki, daga baya aka ce mini fatar ciki ce ta fashe, kuma ba ta koma daidai ba. 'Yan hamayya suka sa ni a waƙa, yara suka haddace ta kafin a koma lakwal.

Rabi a Tsibiri ta haihu. Surukina ne ya yanka abin suna, ni na zo kamar baƙo da rigarsa a wanke cikin leda. Da na samu ganin Rabi, ta daɗe tana kallon jaririn ba ta kalle ni ba, sannan ta ce, "Da ka nutse hwa? Wa ya ce maka shinkahwar Alhaji nike jira?" Sai bayan an yanke gero ta dawo Sabon Gari, a kan amalanken mahaifinta, da damman geronsa a ƙarƙashinta. Ni ban ɗauko ta ba, kawo mini ita aka yi, kuma geron nan shi muka ci har albashi ya tuna da mu.

Na iya gudu a kan ruwa, wannan ba ƙarya ba ce, sai dai shaiduna Ilu ne da mai tuƙi da manoman Jiratawa, dubban da suka taru kuwa wani abu daban suka gani. Tun daga lokacin, duk wanda ya miƙo mini igiya ya ce in riƙe zai ja ni gaba, sai na fara leƙa jirginsa na ga su nawa ne suka riga suka zauna. In kuma yunwa ta sa dole sai na riƙe, to zariya biyu nake ɗaurawa.